Injin da Ya Ƙi Goge Shi

Arlit, ranar Lahadi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, Inna ina kwana, ina gajiya? Yaya ƙafar taki, ta bar kumburin? Yaya Baba da gona, yaya Siddiƙa, yaya mutanen Mirya gaba ɗaya? Mu nan lafiya lau, ni da jikanki, alhamdu lillahi. Ya fara zama, sai dai yana kifewa gefe.

Ni nake faɗa, maƙwabciyata Salomi, Maman Yosuwa, take rubutawa, yanzu ta dawo daga coci. Na ce ta sa yadda na faɗa, kada ta gyara mini. Kawu Illi, kai da za ka karanta wa Inna, don Allah kada ka tsallake ko'ina.

Saƙonki ya iso, cewa in tattaro in dawo gida tunda na gama wankan jego, ba abin da ya rage mini a Arlit. Inna na ji, kuma ba ƙi nake yi ba. Wa zai ƙi gida? Ɗakin nan ya yi mini girma. Idan na idar da sallar magariba na rufe ƙofa, ba wanda zan ce wa sannu da zuwa. Wani lokaci sai in yi ta yi wa yaron nan hira kamar babba, shi kuma yana cin yatsan ƙafarsa.

Amma ki ƙara mini haƙuri kaɗan. Akwai abin da ya riƙe ni, ban san ma yadda zan faɗe shi ba.

Kin san Alhaji Mano mai kamiyoyi, manyan motocin kayan nan, wanda surukinki ya yi wa gadi kafin ya tafi haƙar zinariya Cibarakaten. Da rami ya rufta da su, Alhaji ya tausaya mini ya ba ni shara a biro ɗinsa, wato ofis. Ina zuwa da goyona, ba wanda ya hana. To a cikin biron akwai wani ɗan ɗaki mai sanyi kamar randa, kilim mai hura sanyi ba ya mutuwa a ciki. Ba mutum a ɗakin, sai wani baƙin inji mai tsawo, suna ce masa sarbar. Tun ranar da na fara shiga yake kuka, ƙit, ƙit, ƙit, da jar wuta tana ƙiftawa. Wallahi na ɗauka tsintsiyata ce ta taɓa wata waya. Na yi kwanaki ina jira a kira ni a ce na ɓata kayan mutane. Sai Madam Lauratu, sakataren Alhaji, ta yi mini dariya, ta ce tun kafin in haihu yake wannan kukan, mai kula da shi ya bar aiki ya koma Yamai, ba a samu wani ba.

Shekaranjiya ina zubar da shara, tsoho Akoli, wanda suka yi gadi tare da surukinki, ya nuna mini kamarar da ke saman ƙofa. Ya ce duk wanda ya tsaya a ƙofar nan tana ɗaukarsa, sai a zuba a cikin injin nan na ɗakin sanyi, a ajiye a kaset. Ya ce tunda injin ya tsaya tun lokacin, bai karɓi sabo ba, to abin da ke cikinsa na da ne. Ya ce, “ƴata, in dai ba a taɓa ba, mijinki yana cikin akwatin nan.”

Inna, ba ni da hotonsa ko ɗaya. Duk na bikinmu suna cikin salularsa, salular kuma tana aljihunsa, ramin kuma ba a buɗe shi ba, a bakinsa aka yi musu salla. Akwai kwafin katinsa na shaida a biro, Madam ta nuna mini, fuskar baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ko hanci ba a gani.

Abin da ban faɗa wa kowa ba sai ke, fuskarsa ta fara ɓace mini. Idan na rufe ido ina ganin rigarsa, ina ganin hannunsa, amma in na hau sama sai abin ya watse. Mutane suna cewa yaron nan ubansa sak. Ni sai in ce haka ne, alhali tsoro nake ji, don ba ni da abin da zan gwada. Idan ya girma ya ce yaya ubana yake, me zan nuna masa?

Ki gaida Baba, ki ce ya sa mu a addu'a. Maman Yosuwa tana gaishe ki.

Ƴarki,
Bara'atu

*

Arlit, ranar Laraba

Innata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata wannan ta same ku lafiya, ke da Baba da kowa. An ce an yi muku ruwa, Allah ya sa albarka. Jikanki ya yi ɗan zazzaɓi, na kai shi likita, haƙori ne, ya sauka.

Inna an kawo mai gyara. Wata mota ta daki katangar Alhaji ta gudu, ya ce a duba masa, aka ce kamara kwana kaɗan take riƙewa da kanta, sauran sai a inji, injin kuma bai ajiye komai ba. Alhaji ya yi faɗa har waje ana ji. Shi ne ya aiko da wani Buzu daga Agadas, sunansa Amastan. Siriri ne, da gilashi a kan rawani. Hausarsa irin tasu ce, ni ma “kai” yake ce mini. Ranar farko ya ce, “kai, ka share nan amma kada ka jiƙa.” Na waiga ina neman namijin da yake yi wa magana.

Ina goge tebur suna magana da Madam, rabi Hausa rabi Faransanci. Ban kula ba sai da na ji ya ce, “dole mu ekiraze na da.” Inna bokitin ya suɓuce mini. Wannan kalmar sau ɗaya na taɓa jin ta a duniya, a bakin Bashar direba, ranar da ya tsaya a ƙofar ɗakina ya cire hula ya ce dutse ya ekiraze su. Ranar ma ban gane ba, sai da Maman Yosuwa ta riƙe ni ta ce murƙushewa ke nan. To ga shi na sake jin ta, kuma a kan akwatin da yake ciki. Na tsuguna ina kwashe ruwa da tsumma, yaron nan ya farka a bayana yana tsala ihu. Madam ta ce in fita da shi.

Da suka tashi cin abinci na lallaɓa na tambayi Madam me za a murƙushe. Ta ce ba murƙushewa irin ta dutse ba, haka masu ordinatar, wato kwamfuta, suke cewa idan za a rubuta sabo a kan tsoho. Ta ce kamar allo ne, in ya cika a wanke a sake rubutu. A raina na ce allo in an wanke ai ana tara ruwan a sha. Wannan ko ruwan babu.

Ga yadda abin yake, yadda na tsinta ina shara, don Amastan mutum ne mai magana shi kaɗai idan yana aiki. Kasetocin ba su da yawa. Injin yana cika ɗaya ya koma ɗaya, in ya kai na ƙarshe sai ya dawo kan na fari ya rubuta a kansa. Amma kowane kaset in an cika shi ana sa masa kulle na ɗan lokaci, don kada a goge shi da wuri. Kullen ba na ƙarfe ba ne, a cikin ordinatar ake faɗa masa. To wancan da ya tafi Yamai, wurin da zai sa mako sai ya sa shekara. Injin ya cika duka, ya zagayo, ya tarar kowanne a kulle. Ya ƙi taɓa ko ɗaya. Kukan da yake yi, wai kaset marar kulle yake roƙo.

Kin ji, Inna. Kuskuren wani bawan Allah da ban taɓa gani ba shi ya ajiye mini shi duk watannin nan. Gyaran kuma shi ne a goge.

Jiya Amastan ya mayar da shekarar mako. Na tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya ina saurare. Injin ya yi shiru kaɗan, sai ya sake, ƙit, ƙit. Amastan ya buga cinyarsa ya yi wata magana da Buzanci. Wai sabon umarnin kaset na gaba zai bi, tsofaffin suna nan da kullensu na da. Yau kuma ya gano agogon injin ma ya rikice tun wata ɗaukewar wuta, bai san ranar da ake ciki ba. Ya gyara agogon, ya sake gwadawa, ya ƙi.

Duk biron addu'a suke ya gyaru. Ni kaɗai nake roƙon Allah ya ƙara masa taurin kai. Ban sani ba ko zunubi ne, mutumin da yake ciyar da mu ina yi wa kayansa wannan addu'a. Ki tambayar mini Baba.

Ban iya yi wa Amastan magana ba. Sau nawa ina buɗe baki sai in ce sannu da aiki. Wace ce ni? In suka ce mai shara tana sa ido a kayan kamfani fa?

A gaida Siddiƙa, a ce na ga saƙon kuka da daddawa, na gode.

Taki,
Bara'atu

*

Arlit, ranar Alhamis

Inna,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri wannan a gurguje ce, Maman Yosuwa ta bar ɗinkin mutane a keke ta zauna mini.

Ya gano. Ashe sai an bi kasetocin ɗaya bayan ɗaya an cire musu kullen da hannu, an mayar da su kamar sababbi. Na ji yana gaya wa Madam yana dariya, ya ce gobe kafin Juma'a an gama, ya kama motar Agadas.

Da na shiga share ɗakin sanyi ba kowa. Kasetocin suna jere a kan tebur, ƙanana, kamar sabulu. Inna sai da na miƙa hannu. Na ce in soke ɗaya a zane, wa zai sani? To wanne? Duk iri ɗaya ne, rubutun jikinsu ban san me ya ce ba. Kuma in na kai ɗaki da me zan buɗe shi, da wuƙa? Na janye hannuna. Na tsaya nan sanyi yana shiga ƙafata, ina kallon su kamar in yi sallama.

A haka ya shigo ya same ni. Ya ce, “kai, lafiya kake kuka?” Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na ce Malam, uban yaron nan yana cikin kaset ɗin nan, ya rasu, ba mu da hotonsa. Ya cire gilashi. Ya ce wane ne, yaya sunansa?

Inna kin san ban taɓa faɗar sunansa ba, ko a bayan idonsa. Bakina ya ƙi. Na ce mai gadi ne, dogo. Ya ce suna. Na ce mai sunan watan azumi. Ya yi ta kallona, can ya ce, “Ramalan?” Na ɗaga kai. Ya fara murmushi, sai ya fasa. Ya ce in tashi, shi ba a durƙusa masa.

Sai ya ce ai ma sunan ba zai yi amfani ba, inji bai san suna ba, rana ya sani. Wace rana? Na ce ni ban iya kwanan watan Nasara ba. Ya ce to duba kaset ɗaya ma aiki ne mai cin lokaci, ba zai iya bin duka ba, in ba shi rana guda wadda na tabbata yana bakin ƙofa. Kaina ya ɗaure. Duk ranakun sun zama ɗaya. Can Allah ya tuna mini, washegarin Babbar Salla, shi ke aikin rana, na kai masa soyayyen nama da hantsi, cikina ya tsufa. Amastan ya duba salularsa ya lissafa, ya ɗaga kaset ɗaya ya ajiye gefe. Ya ce in Allah ya so wannan ne, in kuma zafi bai lalata shi ba.

Amma ya ce kayan ba nasa ba ne, sai Alhaji ya yarda. Madam ta ce ita ba ruwanta, hoton ƙofa sirrin kamfani ne, kuma Alhaji a fusace yake tun maganar katanga. Tsoho Akoli ya ce zai raka ni gobe da safe, shi zai fara magana.

Tsoro nake ji, Inna. Ban taɓa tsayawa gaban Alhaji na ce ina son wani abu ba. In ya ce a'a shi ke nan, kafin azahar an rubuta motoci da awaki a kansa. Na san takardar nan ba za ta iso ki ba sai an gama komai, amma duk da haka ki yi mini addu'a.

Bara'atu

*

Arlit, ranar Litinin

Zuwa ga Innata abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Baba, ina gaida Kawu Illi da ya sha karatu, Allah ya saka. Yaya jiki, yaya damina? Mu muna lafiya.

Alhaji ya yarda. Akoli ne ya yi maganar, ni kaina yana ƙasa. Alhaji ya ce Allah ya jiƙan Ramalan, bai taɓa kama shi yana barci a bakin aiki ba. Ya ce a ba ta, amma injinsa ya tashi yau.

Amastan ya cire wa sauran kulle, ya bar wancan ɗaya. Ya sa shi a inji, muka zauna jira. Ya daɗe, Inna. Na shayar da yaron nan, ya yi barci, ya farka. Sau biyu abin yana tsayawa, Amastan ya ce kaset ɗin ya gaji, ya sake daga fari. Har aka yi kiran Juma'a, motarsa ta tafi ta bar shi. Da ya dawo daga masallaci ya leƙa ya ce, “kai, zo ka gani.”

Ƙofar Alhaji ce, daga sama. Ba murya, kamarar ba ta ɗaukar magana. Ga benci, ga buta. Ga shi.

Yana tsaye da shuɗiyar rigarsa ta Salla. Na gane shi tun kafin ya motsa, yadda yake tsayawa a ƙafa ɗaya ya ɗora ɗayar a gwiwa kamar Bafillace. Amma Inna, malafa ce a kansa, mai faɗin nan. Kamarar tana sama, malafar ta rufe komai. Ya juya dama, malafa. Ya juya hagu, malafa. Na ce a raina ɗaga kai, don Allah ɗaga kai sau ɗaya. Ashe a fili na faɗa. Amastan ya gudu da hoton gaba, ya dawo baya, ya bi har inda aikinsa na ranar ya ƙare. Bai ɗaga ba.

Sai ga wata ta taho daga titi da kwano a ka, tana tafiya kamar agwagwa. Sai da ta matso na gane ni ce. Na miƙa masa kwanon. Kin san shi dogo ne, sai na ɗaga kai in dube shi, fuskata ta fito tar, har tsagen kumatuna. Ya faɗi wata magana, don malafar ta motsa. Sai na ga na fashe da dariya, na rufe baki da mayafi, na kai masa duka a hannu.

Na juya na tafi. Ni ban taɓa waiwaye ba in na bar wurinsa, kunya nake ji a gaban Akoli. Ashe tsayawa yake. Ya riƙe kwanon bai buɗe ba, malafar tana fuskantar inda na bi, har na fita daga hoton, har bayan na fita. Sannan ya ajiye kwanon, ya tura ciki gaba, ya dafa ƙugu, ya kwaikwayi tafiyata daga benci zuwa ƙofa. Akoli ya faɗi a kan benci yana riƙe ciki. Ni ma a ɗakin sanyin nan dariya ta kama ni, ina yi hawaye yana zuba a kan yaron nan. Amastan ya fita waje ya bar mu.

Ya zuba mini wannan guntun a wani ɗan kati kamar ƙumba, ya ce kowace babbar salula za ta nuna. Ya ƙi karɓar komai. Na naɗe a leda na ɗinke cikin layar yaron nan. Da na ce ya isa, ya cire wa kaset ɗin kulle. Injin ya yi shiru, wutar ta koma kore. Madam ta yi guɗa. Yau da na shiga shara ɗakin tsit, na share na fito, ba abin da zan tsaya yi.

To Inna, fuskar ba ta fito ba. Abin da zan nuna wa jikanki shi ne tsayuwar ubansa, da malafarsa, da iya shegensa. Fuskar da ta fito tawa ce. Ban san haka nake ba in ina kallonsa. In yaron ya tambaye ni yaya ubansa yake, sai in ce ya dubi matar nan da kyau, abin da take gani ke nan.

Abu ɗaya ke damuna. Tun Juma'a nake neman maganar da ya faɗa har na yi wannan dariya. Na tambayi Akoli, ya ce shi bai ji ba, a hankali ya faɗa. Na bi ranar daga safe har dare, na tuna naman, na tuna mayafin, maganar ta ƙi zuwa.

Na sallami Alhaji. Zan taho a motar Damagaram ta ranar Asabar in Allah ya kai mu. Maman Yosuwa ta ce in faɗa miki ita ta wanke jikanki tun ranar farko, saboda haka da ita za a yi shawarar aurensa. Tana rubutawa tana share ido, ta ce in rufe haka nan.

A share mini ɗakin Siddiƙa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƴarki mai kewarki,
Bara'atu